Dillalin Shanu a Kasuwar Intanet

Wani ne, dillalin shanu, a nan wajen Dutse. A kara, wato kasuwar shanu, ya tashi, a kara ya yi gemu. In ya kalli sa sau ɗaya zai gaya maka abin da ya ci jiya, wannan kam ba mai ƙwace masa. Matsalarsa ɗaya ce: shi a ganinsa duniyar nan gaba ɗayanta kasuwar shanu ce. Duk wanda ya gani, ko mai saye ne, ko mai sayarwa, ko kuma abin sayarwar.

Abincinsa a hannun mutum ɗaya yake, wani dattijon Bafulatani mai garke a wajen Miga, Alhaji Bubayero. Duk san da Alhaji zai fitar, ta hannun gogan naku yake bi. Da la'adar shanun nan ya yi aure, da ita ya rufa ɗakinsa da kwano. Akwai kuma wani dillalin, Ɗan'inna, wanda ya daɗe yana kewaya Alhaji kamar shaho ya ga 'yan tsaki.

To Alhaji yana da ɗa, Ashafa, ya gama jami'a ya karanci harkar lantarki. Yaron kirki, ga ladabi, sai dai ba ya zama. An yi kamun ƙafa an sama masa aiki a ƙaramar hukuma, ya yi 'yan watanni ya ajiye, wai ba abin da ake yi sai karatun jarida da jiran wata ya mutu. Ya koma koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kafin Hausa, ya bari. Ya shiga gyaran wayar salula lokacin tana sabuwar shigowa, nan ma aka ga ya fara hamma. 'Yan zamaninsu duk haka suke. Iyayensu sun kama kujera ɗaya har fansho, su kuwa sun ɗauki aiki kamar takalmi, da ya matsa sai a cire. Abin ya dami Alhaji ƙwarai, don shi a wurinsa ajiye aikin gwamnati daidai yake da mutum ya saki saniyar tatsa a daji.

Shekarun nan ne na bayan ƙaddamar da shari'a, lokacin da shagunan Intanet suka fara ɓullowa a Dutse. Wata rana gogan naku ya shigo gari, sai ya ga samari sun yi cincirindo a ƙofar wani shago, janareto na ta ƙara. Ya ɗauka taki ake rabawa. Ya kutsa ya tambaya, aka ce masa aiki ake nema. Kamfanoni na Legas da Kano da Fatakwal su ke sa cigiyar ma'aikata a cikin kwamfuta, samari kuma su aika da bayanansu, in an dace a kira mutum.

Ya tambaya waye a tsakani. Aka ce ba kowa.

"Ga mai saye, ga mai sayarwa, kuma ba dillali?"

Aka ce masa ƙwarai kuwa. Sai ya cire hula ya sosa ƙeya. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin kasuwar da ke ci ba dillali ba. Tausayin mutanen ya kama shi, sannan kwaɗayi ya biyo baya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Kafin mako ya zagayo ya kama hayar benci a ƙofar shagon, ya sa an rubuta masa allo: Dillalin Ma'aikata ta Intanet, Sai An Sallama a Biya La'ada. Shi ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko, amma akwai wata mai buga takardu a shagon, Safiyatu, ita ta buɗe masa akwatin imel. Shi zai faɗa da Hausa, ita ta zuba da Turanci.

Labari ya kai Miga. Alhaji Bubayero ya sa aka kira shi, ya zaunar da shi a gindin tsamiya, ga Ashafa a durƙushe gefe. Alhaji ba mai doguwar magana ba ne.

"Dillali, in ka kafa mini yaron nan a wuri ɗaya, shanuna naka ne har in koma ga Allah. In ka kasa, Ɗan'inna yana nan."

Sannan ya juya ya gaya wa ɗansa cewa ya gaji da zaɓen da yake yi wa kansa. Wannan karon duk abin da dillali ya ce shi ke nan, kada ya ji an musa masa. Gogan naku ya buga ƙirji ya ce ai an gama. Shi da ya sayar da sa mai ido ɗaya a kasuwar Shuwarin, mai digiri ne zai gagare shi?

Washegari ya tasa Ashafa a gaba har shago. Safiyatu ta ce a ba ta takardun makaranta ta tsara masa bayanin kansa. Gogan ya ce ta ajiye takarda tukuna, ba a fara ciniki da takarda. Ya sa Ashafa ya miƙe. Ya sa ya juya. Ya sa ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Ya ce ya buɗe baki, ya leƙa. Samarin da ke shagon duk suka bar abin da suke yi.

"Rubuta, 'yata. Namiji ne, dogo, haihuwar Miga. Haƙora cikakku. Ba ya tari, ba ya ɗingishi. Ba ya harbi, ba ya tunkuyi. Uwa da uba sanannu ne, ba na sata ba ne, ni ne shaida."

Safiyatu ta ja hijabi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ashafa kuwa da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Sai gogan ya yi gyaran murya. Tun da aka ƙaddamar da shari'a malamai ke shiga kara suna wa'azi a kan ɓoye aibin dabba, kuma wa'azin ya ɗan kama shi. Ya ce ta rubuta aibin yaron kada a zo ana ja-in-ja daga baya: ba ya zama a turke ɗaya, wurare uku ya tsinke igiya. Ya lissafa mata su, ƙaramar hukuma, makaranta, shagon waya. Safiyatu ta zubar da zancen haƙora da tunkuyi, ta jera wuraren nan uku, ta cusa digirin a sama, ta aika wa wani sabon kamfanin waya da ke kafa turakun sadarwa a Arewa.

Ba a daɗe ba amsa ta zo. Kamfanin suka ce a turo shi Kano intabiyu. Suka ƙara da cewa abin da ya fi burge su shi ne ya yi aiki a wurare daban-daban, irin wanda suke nema ke nan.

Gogan ya sa aka sake karanta masa. Sai murmushi ya fara tsattsafo masa.

"Aibi na gaya musu, suka ce shi suke so. Waɗannan ba su san kasuwa ba."

Daga ranar ya raina su, kuma ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya daga rainin nan ya fito.

Intabiyu bai ba shi tsoro ba, ai mai saye dole ya duba kaya. Abin da ya dame shi ramar Ashafa. Yaron siriri ne kamar sillen kara. A kasuwa in za a fitar da ramammen sa, kanwa ake ba shi ya lasa, ya sha ruwa ya cika ciki, ya yi kyan gani. Ranar tafiya da sassafe gogan ya sa matarsa ta dama kunun kanwa cikin babbar ƙwarya, ya tsare Ashafa a zaure sai ya shanye. Yaron ya ce ya ƙoshi, ya ce ƙara. Ashafa ya tuna masa wa'azin malamai, ya ce ai wannan ba algus ba ne, kiwo ne.

Tsakanin Dutse da Wudil ban san sau nawa aka tsayar da bas ɗin da Ashafa ya hau don ya zagaya ba. Direba ya yi ta masifa, wata tsohuwa ta ce a kai yaron nan asibiti. Duk da haka Ashafa ya shiga ya amsa tambayoyinsu tsaf, don kansa yana ja. Da ya dawo ya ce sun yaba, gogan ya ce ai ya sani, kanwa ba ta ƙarya.

Sai ga saƙo: sun ɗauke shi. Safiyatu ta karanta albashin. Kuɗi ne wanda shugabansa na ƙaramar hukuma ma bai taɓa gani a wata ɗaya ba. Ashafa ya ɗaga hannu sama yana hamdala, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi ni kaina da ina wurin da na taya shi.

Gogan naku ko gezau. Ya ɓata rai kamar an zage shi, ya kau da kai gefe.

"Albarka."

Safiyatu ta ce ba ta gane ba. Ya ce ta rubuta musu albarka, wato bai sayar ba. Ta ce Baba wannan fa ba tayi ba ne, albashi ne, haka suke biyan kowa. Ya ce yarinya ce ita. Tayin farko ba a karɓarsa ko da ya fi kuɗin dabbar, wanda ya karɓa ya zubar da mutuncin kayansa. Ta kalli Ashafa, Ashafa ya kalli ƙasa, don maganar ubansa tana kansa. Ta rubuta musu cewa abin da suka bayar ya yi kaɗan.

Tana aikawa gogan ya ce kada ta kashe na'urar, ta bar ta tana kallonsu. Ya damƙi wuyan hannun Ashafa ya ja shi suka nufi ƙofa. Kun san yadda dillali ke yi in ciniki ya cije: ya kwance igiya ya ja sa kamar zai bar kasuwa, yana tafe yana jan ƙafa, kunnensa na baya, har mai saye ya ce dawo. To haka ya yi. Taku ɗaya, ya tsaya ya gyara takalmi. Taku biyu, ya tsaya ya tofar da goro.

"Kada ka waiwaya," ya ce da Ashafa ƙasa-ƙasa. "In ka waiwaya sun gane muna so."

Suka fita shagon. Suka wuce mai shayi. Suka wuce masu faci. Rana na dukansu, 'yan acaɓa na yi musu hon, su dai suna tafe kamar masu rakiyar gawa. Sai da suka kai tasha sannan gogan ya tsaya ya karkata kunne.

"Ka ji an kira?"

"Baba, kwamfuta ba ta kira."

"Taurin kai ne. Fataken da ke lodin tirela ma haka suke yi."

Abin haushin shi ne, da suka koma bayan kwana biyu sai suka tarar kamfanin sun motsa. Sun ce albashi ba ya canzuwa, amma za su ba shi ɗaki a Kano da babur na zirga-zirga. Suka ce wannan ita ce maganarsu ta ƙarshe, kuma suna son amsa kafin Juma'a. Da sun san wanda suke ciniki da shi da ba su ƙara ko allura ba. Gogan ya dinga zagaya shagon yana tambayar samari ko sun gani da idonsu. Ya ce tafiyar nan ta tasha ita ta haifi babur, da sun kai Shuwarin da mota za a bayar.

Ashafa ya durƙusa a gabansa, a gaban mutane.

"Baba, don girman Allah a sallama. Aikin nan shi nake so. Wannan ba zan bari ba."

"Kai, tashi. Ka taɓa ganin sa ya sa baki a cinikinsa?"

Safiyatu ta tuna masa zancen Juma'a. Ya ce duk mai saye haka yake cewa, motarmu za ta tashi, motarmu za ta tashi, kuma la'asar ta yi ka gan shi yana nan yana shafa gadon bayan sa. Yanzu saura dabara ɗaya, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya fita ya samo wani ɗan acaɓa mai ƙaton ciki, ya ara masa babbar riga, ya kawo shi gaban kwamfutar. Ya ce ya zagaya Ashafa yana ƙare masa kallo, sannan ya ɗaga murya ya taya sama da na kamfanin. Ɗan acaɓa ya zagaya, ya taɓa kafaɗar Ashafa, ya taya da ƙarfi har na waje suka leƙo.

Safiyatu ta ce Baba ba sa ji fa, kuma ba sa gani. Gogan ya ce to ta rubuta musu abin da ya faru a gabanta: ga wani babban mutum nan ya taya sama da nasu, in suna so su ƙara, in ba sa so a sallama wa mai rabo. Ta ce ita dai ta gaya masa. Ta rubuta, ta aika.

Wannan karon amsa ba ta ɓata lokaci ba. Kamfanin suka ce suna taya Ashafa murnar samun wurin da ya fi nasu, ba za su tare masa hanya ba. Sun ba na biyunsa a intabiyu aikin, da ɗakin, da babur ɗin. Suna yi masa fatan alheri.

Gogan ya ce a sake karantawa. Aka sake. A kara in mai saye ya juya da gaske, bin sa ake yi a guje a kama bakin rigarsa. Ya duba ta ina zai kama, ba riga. Ya sunkuya saitin gilashin kwamfutar.

"Ku dawo, na sallama. Har babur ɗin na yafe."

Ya sa Safiyatu ta rubuta an sallama, ta rubuta. Ya ce ta ƙara, ta ƙara. Duk wanda ta aika sai amsa iri ɗaya ta dawo nan take, cewa an riga an cike gurbin. Ya ce wannan wane irin mutum ne da ba ya gajiya da maimaita magana ɗaya. Ta ce ba mutum ba ne, na'ura ce ke amsawa. Ya tambaye ta ta wace tasha za su bi in sun tashi, ya je ya tare su. Ɗan acaɓa kuma ya ce shi a sallame shi, ya bar fasinja a titi. Ashafa kuwa ya miƙe. Ya tattara takardunsa ya fita, ya hau motar Miga.

Gogan ya kwana biyu bai leƙa ko ƙofar gida ba. A rana ta uku da hantsi yana zaure sai ya ji sallama. Alhaji Bubayero ne, da sandarsa a kafaɗa, ga Ashafa a bayansa ɗauke da akwati da katifa a naɗe. Gogan ya yi tsalle ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa, ya shiga gaisuwa, ya gaida gida, ya gaida shanu, ya sake gaida gida. Alhaji bai zauna ba.

Sai gogan ya shiga bayani. Ya ce ranka ya daɗe ciniki ya yi kyau, har an kai ga babur. Masu sayen ne ba 'yan kasuwa ba, ba su san wasa ba, daga an ɗan ja sai su yi fushi. Irin waɗannan ko an sayar musu sai sun dawo da kaya. Ya ce Allah ne ma ya tsare yaron. Kasuwa ai ba rana ɗaya ba ce, wata na nan tafe, kuma yanzu ya gane hannunsu.

Alhaji ya bari sai da ya ƙare tas. Sannan ya ce, a hankali kamar mai ba da labarin damina, shanu dai tun jiya ya ɗora igiyarsu a hannun Ɗan'inna.

Gogan ya zauna a kan tabarmar da ya shimfiɗa wa baƙo. Can idonsa ya faɗa kan akwatin da katifar, waɗanda Ashafa ya riga ya jingine a bangon zaure.

"To, ranka ya daɗe, wannan kayan fa?"

"Kai dillali ne, ni zan koya maka ƙa'ida? Dabbar da ta yi kwantai a gidan dillali take kwana, shi ke ci da ita har kasuwa ta gaba."

Alhaji ya gyara sandarsa ya sa kai waje. Yana bakin ƙofa ya ƙara da cewa:

"Sai dai ka lura, wannan ba ya cin harawa. Da shayi da ƙwai yake karyawa."